Mainasara, Sanƙiran Garmaho

Ranar Laraba, sha huɗu ga Nuwamba, 1979, wata ɗaya da rabi bayan farar hula sun karɓi mulki, Mainasara ya fara yin sallama a teburin Malam Musa. Malam Musa akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma a Bodinga. Idan an tashi daga aiki yakan ɗauko tafiretarsa ya zauna gindin dogonyaron da ke gaban gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙu. Rannan mutum uku ne a gaban Mainasara: mai neman aikin masinja, mai ƙarar maƙwabcinsa kan iyakar gona, da wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Ikko ya yi shiru. Mainasara ya tsuguna gefe, rungume da wani abu mai faɗi naɗe cikin tsohon zane, har layi ya zo kansa.

Da ya warware zanen sai ga faifan garmaho cikin kwalinsa. A jikin kwalin akwai hoton wani Bature siriri zaune a kan akwati, ya sunkuyar da kai. Mainasara ya juya bayan kwalin, ya ɗora yatsa kan ƙananan rubutun da ke can ƙasa, ya ce an gaya masa nan ne adireshin waɗanda suka buga faifan, a Ingila, kuma su yake so a rubuta wa. Malam Musa ya zura takarda, ya tambaye shi ko wasu faifan zai yi oda.

"A'a, Allah shi gafarta Malam. Tambaya ta. Wagga waƙa, wa anka yi ma ita?"

Ya yi bayani a tsanake. A cikin waƙar, in ji shi, mawaƙin yana kiran sunan wata mace har sau goma sha ɗaya, ya ƙirga. Abu huɗu yake son sani: sunan ubanta, garinsu, ko tana raye, da kuma abin da ta ba mawaƙin sa'ad da ya yi mata waƙar. Malam Musa ya dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, ya ga mutumin ba wasa yake yi ba, sai ya buga tambayoyin nan huɗu da Turanci, kowace a layinta da lambarta. Ya cire kwafi ya ajiye, kamar yadda ya saba yi wa kowace wasiƙa da ta fita daga hannunsa.

Mainasara bai san shekarar da aka haife shi ba, amma a lokacin zai kai arba'in da biyar. Mutumin Horo Birni ne, can ƙasar Shagari. Ubansa Nuhu makaɗin noma ne, mai bin gayya daga gona zuwa gona da ganga da 'yan amshi. Mainasara bai gaji muryar uban ba, hannunsa kuma bai faɗa da ganga ba, amma Allah ya ba shi maƙogwaro da riƙon kai. Saboda haka ya zama sanƙira: shi ne mai tsayawa gefen makaɗi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a wanda ake yi wa waƙa, ɗan wane ne, jikan wane ne, dame nawa ya ɗaure bara, me ya ba makaɗi. Ya haddace manoma fiye da ɗari biyu da iyayensu da gonakinsu.

Sau ɗaya tak ya yi kuskure, a wata gayya a Kajiji. Uban ya ɗauko waƙar wani manomi, shi kuwa ya kwarara sunan ƙanen mutumin, ga shi 'yan'uwan biyu ba sa ga maciji saboda gonar gado. Wan ya ajiye hauya, ya karkaɗe hannu, ya nufi gida, rabin gayya ta bi bayansa. Nuhu bai doki ɗansa ba, bai zage shi ba. Daminar nan gaba ɗaya ya bar shi a gida, yana jin ganga daga nesa. Da kaka ta yi ya kira shi ya ce masa waƙa ba tasu ba ce, ajiyar mai ita ce a hannunsu, kuma in bai san mai ita ba, to ya rufe bakinsa. Mainasara ya riƙe wannan magana har ƙarshen ransa.

Nuhu ya rasu a 1969, 'yan amshi suka watse. Bayan shekara biyu Kaltume, matar Mainasara, ta rasu a annobar amai da gudawa, ba su da ɗa a raye. Sai fari ya zo, gayya ta mutu, babu mai gonar da zai kira makaɗi. A 1974 ya sami aikin gadi a wani kamfanin haƙar rijiyoyi da ke aiki tsakanin Kajiji da Shagari, daga baya ya koma mai dafa wa injiniyansu abinci. Bature ne mai jan gemu, wanda mutanen ƙauyuka suka laƙaba wa Sarkin Rijiya, ya iya Hausa gwargwado. Kowace la'asar idan an tashi aiki yakan zauna bakin tantinsa, ya buɗe garmaho mai aiki da batir, ya sa faifai. Rana ta farko da Mainasara ya kawo masa shayi ya tarar da shi haka, ya tsaya har waƙar ta ƙare, sannan ya tambayi abin da duk sanƙira zai tambaya: wa aka yi wa ita?

Baturen ya yi murna da tambayar, don a cewarsa ba wanda ya taɓa yi masa ita. Ya ce mawaƙin ya yi wa uwarsa ne. Mainasara ya gyaɗa kai, ya ga ashe su ma Turawa sun san abin da ya kamata. Shekara huɗu suka yi a haka, Bature yana ba da labari da guntuwar Hausarsa, Mainasara yana haddacewa yana kuma sa alama da ajami a bayan kowane kwali. Sunayen mawaƙan sun yi wa harshensa nauyi, sai ya raɗa musu nasa daga hotunan da ke jikin kwalayen. Akwai 'Yan Gada, samari biyar daga wani garin bakin teku, mai gangarsu ɗan mahauci. Akwai Mai Laima, wadda ta yi aiki a masaƙa kafin ta fara waƙa, ta yi wa wanta da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Akwai Dogo, wanda ya yi wa motarsa. Akwai wanda ya yi wa garinsu, da wanda ya yi wa matar da ta guje shi, da wanda aka ɗauki muryarsa yana fama da mura, shi ya sa take a dishe, kuma dishewar ce mutane suka so.

Faifai talatin da biyu ne. Talatin da ɗaya ya san su ciki da waje. Ɗayan, mai hoton mutumin da ke zaune a kan akwati, shi ne Baturen ya fi sawa, kuma shi kaɗai ne ba ya magana a kansa. Waƙa ce mai tafiya a hankali, jita da wani abu mai kukan goge, da muryar namiji yana kiran sunan macen nan kamar ta yi masa nisa. Duk sa'ad da Mainasara ya tambaya, sai Baturen ya ce gobe. A watan Yuni na 1978 kwangila ta ƙare. Baturen ya bar wa Mainasara garmahon da faifan duka da allura shida cikin kwalin ashana, ya shiga mota, goben ba ta zo ba.

Mainasara ya zo Bodinga, ya kafa rumfa a bakin tasha yana gyaran tocila da fitila, ya kama ɗaki ɗaya a bayan tashar. Bayan sallar la'asar yakan shimfiɗa tabarma, ya ɗora garmaho a kan akwati, ya goge faifai da gefen rigarsa. Kafin allura ta taɓa faifai sai ya miƙe tsaye, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya sanar da murya irin ta gona: ga mawaƙi, ga garinsu, ga sana'ar ubansa, ga wanda aka yi wa waƙa, ga dalili. A shekarar farko mutum talatin ko arba'in sukan taru, direbobi da 'yan kamasho da masu jiran motar Sakkwato. Ba wanda yake jin abin da ake faɗa a waƙoƙin, amma da yake an gaya musu Mai Laima wanta take yi wa kuka, sai ka ga dattijo ya girgiza kai yana cewa Allah ya jiƙan na gaba. Limamin masallacin tasha ya aiko a ce ya riƙa kashewa tun kafin a kira magariba, ya kuwa kiyaye.

Abu mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfar, shi ne abokin faɗansa. Ranar da ya fara jin labarin Dogo sai da ya ajiye buta don dariya.

"Mota? To ita mi ta ba shi, Sarkin roƙon Ingila? Baƙin mai?"

"Ba a yi ma doki waƙa? Kai da ko butarka ba a taɓa yi ma ba."

"Butata ta fi motar Dogo ciyar da mutane."

Abu ne kuma ya fara lura akwai faifai guda da kullum ake fitowa da shi a goge a mayar, ba a sawa. Da ya ji dalili ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne: Mainasara ya ce wa jama'a kawai Hajiya Wance ce ɗiyar Sarkin wani gari, ta ba da raƙumi da riga, wa zai tafi Ingila ya bincika?

"Ni na sani ba haka na ba," in ji Mainasara.

Abin da ya kai shi teburin Malam Musa ke nan. Tun daga wasiƙar farko, kowace Alhamis, ranar da jakar wasiƙu ke zuwa daga Sakkwato, yakan rufe rumfa da hantsi ya taka zuwa gidan waya. Wasiƙa ta biyu ta tafi a watan Maris na 1980, ta uku a Oktoba. Ta huɗu ta dawo a watan Mayu na 1981, da hatimi a bayanta mai cewa masu adireshin sun tashi. Mainasara ya karɓe ta da hannu biyu yana jujjuyawa. Bai yi baƙin ciki ba sosai. Ya ce aƙalla yanzu ya tabbata wasiƙun suna kaiwa can, tunda ga hannun mutanen can a jikinta.

A cikin wannan shekara aka buɗe shagon kaset a ɗaya gefen titi, da lasifika biyu a bakin ƙofa. Tun safe har yamma kiɗa ke tashi, na gida da na Indiya da na Turawa, wata na bin wata, ba mai cewa ga wanda aka yi wa. Samari suka koma can. Rakoda ta yi arha, duk wanda ya sayar da albasa sai ya rataya tasa a kafaɗa. Masu zama a tabarmar Mainasara suka koma goma, suka koma biyar. Wani ɗan kamasho ya ce masa shi surutun da ake yi kafin waƙar ne ya ishe shi, a sa kiɗa kawai mana. Mainasara ya ce masa ga titi nan, in ya so ya tsallaka.

A watan Fabrairu na 1982 Malam Musa ya je Sakkwato kai takardun ofis. A kasuwa ya ga wani kaset mai tambari iri ɗaya da na kwalin Mainasara, amma da sunan wani kamfani daban a ƙarƙashi. Ya tsaya ya kwafe adireshin a bayan takardar mota. Da ya dawo bai jira a zo teburinsa ba, da kansa ya taka har rumfar, karo na farko, ya ce ga alama wani kamfani ya haɗiye wancan, sai a gwada nan. Mainasara ya rasa inda zai ajiye shi, ya kakkaɓe tabarma, ya ce wa Abu ya kawo shayi mai madara. Rannan ya sa wa Malam Musa faifai uku, kowanne da cikakkiyar sanarwarsa, shi da Abu kaɗai ke saurare.

Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Kayan waje suka ɗauke. Batir ya zama sai wane da wane, garmahon kuwa manya shida yake ci. Mainasara ya riƙa shanya tsofaffi a rana a kan rufin rumfa don su ɗan farfaɗo. Abin da ya fi batir tayar masa da hankali shi ne allura. Cikin shidan da aka bar masa huɗu sun cinye, ta biyar ta fara sa faifai shashshaka. Sau uku yana zuwa Sakkwato nema. A zuwa na ukun wani mai shagon kayan rediyo ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mai neman allurar garmaho a wannan zamani. Mainasara ya koma sa faifai ranar Juma'a kaɗai. A ƙarshen 1982 allura ta biyar ta mutu, ya buɗe kwalin ashana ya dubi ta ƙarshe, ya rufe. Ya naɗe garmahon cikin buhu ya tura ƙarƙashin gado. Wannan allura, in ji shi, ta mai sunan nan ce, ranar da aka san ko ɗiyar wa ce.

Daga nan rumfar ta yi tsit. Yakan fito da kwalayen duk da haka, ya jera su a jikin akwati, in wani ya tsaya kallon hoto ya ba shi labari ba kiɗa. Yawanci ba mai tsayawa. Abu yakan ji shi yana gyaran tocila yana magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauka tasbihi yake yi, sai da ya kasa kunne ya ji ashe faifan yake bi ɗaya bayan ɗaya, daga 'Yan Gada har na talatin da ɗaya, mawaƙi da gari da uba da mai waƙa, kada su zube masa. Idan ya kai ƙarshe yakan yi shiru daidai tsawon sanarwa guda, sannan ya ci gaba da aikinsa. Abu bai tsokane shi a kan wannan ba.

Inna, yayarsa da ke aure a Horo Birni, ta aiko sau biyu a 1983. Ta ce mijinta ya tsufa, 'ya'yanta maza sun tafi ci-rani ba su dawo ba, gonar ubansu tana nan ciyawa na ci, shi kuma yana zaune a bakin tasha ba mata ba ɗa, yana gadin kwalaye. Da ta ga aike bai yi ba, ta hau mota ta zo da kanta, ta zauna a bakin ɗakinsa ta ƙi shiga. Ya ce mata adireshin da ya bayar na Bodinga ne, in ya tashi amsa ta zo wa za ta tarar?

"Ɗan'uwana, macen ga da kaka jira, ko tana da rai ba ta san kana duniya ba."

"Ba sai ta sani ba, Inna. Ni ad da buƙatar in san ta."

Ta koma da yamma, ta bar masa ƙullin gero da daddawa.

Wasiƙa ta tara ta tafi a watan Janairu na 1984, mako biyu bayan soja sun karɓe mulki. Malam Musa ya ƙara layi ɗaya daga wajensa, da izinin Mainasara: cewa mai tambayar dattijo ne, kuma allurarsa ɗaya ta rage. Aka canja kuɗi, aka rufe iyakoki, ana bin layin sabulu da madara. Damina ta zo da ƙyar, gero ya tsaya iya gwiwa. Ma'aikacin gidan waya ya saba da shi har ya zamana tun daga nesa yake girgiza masa kai, don ya hutar da shi ƙarasowa. Mainasara yakan ɗaga hannu ya juya.

Ranar Alhamis, tara ga Agusta, 1984, mutumin bai girgiza kai ba. Ya yafito shi.

Ambulan ce shuɗiya mara nauyi, da kan sarki na Ingila. Mainasara ya sa ta a aljihun gaba, ya koma rumfa, ya kasa taɓa aikin kowa har aka tashi daga ofis. Da Malam Musa ya zauna gindin dogonyaro, shi ne na farko a layi. Malam Musa ya yanka bakin ambulan da reza, ya karanta a zuci tun daga sama har ƙasa, ya koma sama. Sannan ya cire tabarau ya goge, abin da Mainasara bai taɓa ganin ya yi a tsakiyar aiki ba.

"In karanta ma yadda take?"

"Yadda take, Malam."

Wata mata ce ta rubuto, akawu a ɗakin ajiyar takardun kamfanin, shekararta ashirin da shida a wurin. Ta ce ta tsinci wasiƙunsa uku a cikin wani kwando, an ajiye su don ba a san wanda ya kamata ya amsa ba, kuma tana ba da haƙuri. Ta buɗe fayil ɗin waƙar. An ɗauke ta ne wata rana da yamma a watan Fabrairu na 1962. Ba mawaƙin ne ya tsara ta ba. Wasu mutum biyu ne ma'aikatan kamfani, waɗanda aikinsu ke nan: su zo da safe su zauna a ɗaki ɗaya da abin kiɗa, su tsara waƙoƙi har lokacin tashi, a rarraba wa mawaƙa. Mawaƙin bai taɓa haɗuwa da su ba. Ɗayansu ya mutu, ɗayan ta same shi ta waya ta karanta masa tambayoyin nan huɗu. Ya ce babu wata mace. Sun gwada sunaye biyu ba su zauna a kan kiɗan ba, na ukun ya zauna, shi ke nan. Saboda haka ba ta da uba, ba ta da gari, ba ta ba kowa komai ba. Mawaƙin kuwa ya daɗe da barin waƙa, yana da shagon sayar da darduma. A ƙarshe matar ta ce ita ma ta manta da waƙar, amma da ta karanta wasiƙunsa ta nemo faifan ta saurara a lokacin hutun cin abinci, kuma tana ganin waƙa ce mai kyau.

Mainasara ya ce a sake karanta masa wurin sunaye ukun. Aka sake. Ya zauna yana kallon ƙasa. Ya tambaya ko mawaƙin, sa'ad da yake kiran sunan, ya san ba kowa a bayansa. Malam Musa ya duba takardar ya ce ba a faɗa ba, amma da alama ya sani. Can Mainasara ya ce watakila Sarkin Rijiya ma ya sani, kunya ce ta hana shi faɗa. Ko kuma bai sani ba, shi ma jira yake wani ya gaya masa.

Malam Musa ba mai shiga sha'anin masu wasiƙa ba ne, amma rannan ya shiga. Ya ce tunda waƙar ba ta da mai ita, kuma shekara shida tana hannunsa, me zai hana ya ba wa wanda ya ga dama? Ga marigayiya Kaltume. Ba ƙarya a ciki, kyauta ce.

Mainasara ya girgiza kai.

"Makaɗi ka ba da waƙa, Malam. Sanƙira faɗi kawai shi kai. Ba ni niy yi ta ba, ba ni iya ba da ta." Ya share fuska da hannu. "Kaltume ko ba ta son kiɗan da ba ganga."

Ya ce a rubuta wa matar kamfanin godiya, a gaya mata ta cika akawu, kuma ba shi da sauran tambaya. Ita ce wasiƙa ta goma.

Ranar Asabar, sha ɗaya ga wata, bayan la'asar, ya fito da garmahon daga buhu. Batir shida ya tara, huɗu sababbi, biyu shanyayyu. Ya ɗaura allurar ƙarshe. Waɗanda ke wurin su bakwai ne: Malam Musa, Abu, wata mai fura da ta ajiye ƙwaryarta a inuwar rumfar, direbobi biyu da ba su sami fasinja ba, wani Bafulatani da ya kawo gyaran tocila, da Mainasara kansa. Lasifikar shagon kaset tana ta yi a tsallaken titi. Abu ya tsallaka ya yi magana da mai shagon, aka rage, ba a kashe ba.

Mainasara ya miƙe, ya toshe kunne da yatsa. Muryar ta ɗan shaƙe da farko saboda daɗewa, sannan ta buɗe har masu faci a ƙarshen tasha suka waiwayo.

"Jama'a, ku saurara. Wagga waƙa an yi ta Ingila, shekara ashirin da biyu ke nan. Mutum biyu sunka tsara ta, ma'aikata na, albashi aka biyansu, guda ya riga mu gidan gaskiya. Wanda yar rera ta yana nan da rai, darduma shika saidawa. Sunan da za ku ji ana kira, ba ɗiyar kowa ba ta. Ba ta da uba, ba ta da gari. Wagga waƙa ba a yi ma kowa ita ba."

Ya sunkuya ya ɗora allura. Jita ta fara, abin nan mai kukan goge ya biyo, sannan muryar. Mai fura ta daina dama. Mainasara bai zauna ba, yana tsaye hannuwansa a baya, leɓɓansa na motsi duk sa'ad da aka kira sunan. Wajen ƙarshe batir ya fara sanyi, muryar ta yi kauri tana ja, amma ta kai. Minti biyu da rabi ne duka.

Ɗaya daga cikin direbobin ya ce bai gane ba. In ba kowa, to mi ya sa mutumin yake kuka haka?

"Aikinai na," in ji Mainasara.

Direban ya ce to lalle ya iya aiki. Abu ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa, ya zuba shayi ya miƙa wa Mainasara. Bafulatanin ya tambaya ko tocilarsa ta gyaru. Mainasara ya mayar da faifan cikin kwali, ya ɗauko alƙalami ya yi rubutun ajami layi biyu a bayansa, kamar sauran, sannan ya zauna ya buɗe tocilar.

Allurar ta ƙara makonni bakwai. Ya bi faifan duka da ita, kowace Juma'a huɗu ko biyar, har ta fara cin faifai, ya cire ta. Bai sake zuwa gidan waya ranar Alhamis ba.

A watan Mayu na 1985, kafin ruwan shuka, ya kwance rumfarsa, ya bar wa Abu kwanon rufin, ya kai garmahon da faifai talatin da biyu gidan Malam Musa ya ce a ajiye masa. Ya koma Horo Birni wurin Inna, ya noma gonar ubansu damina uku. Bai sake aure ba. Sau ɗaya ya zo Bodinga bayan haka, a 1986, ganin likita saboda tari, ya kwana a wurin Abu, bai nemi a buɗe kayan ba. Ya rasu a Horo Birni a watan Satumba na 1988, aka binne shi a can. Labarin bai iso Bodinga ba sai bayan kwana goma sha biyu.